Wayar da Dorathy ta Zare Ranar Tike

A Gella aka haifi Dorathy, 'yar Malam Nathaniel, tsohon hedimasta wanda rabin manyan garin suka yi karatu a hannunsa. Ta karanci kwamfuta a Mubi, ta ƙaro a Yola, ta dawo gida da wata ƙwarewa da mutane da yawa ba su ma san sunanta ba. Ta iya haɗa manyan na'urori su yi aiki tare kamar guda, ta yadda in ɗaya ta mutu sauran za su ɗauki nauyinta ba tare da kowa ya lura ba.

Bakari ne ya ɗauke ta aiki. Shi ma tsohon ɗalibin Malam Nathaniel ne, mutum mai zaƙin baki da son farar shadda, wanda ya buɗe kamfani a saman wani bene da ke kallon tike, kasuwar shanun Mubi. Yaya Bakari take ce masa, don tun tana ƙarama take ganinsa yana zuwa gaishe da babanta. Kamfanin yana riƙe wa wasu ƙananan asibitocin kuɗi da shagunan magani bayanansu: sunan mara lafiya, gwajin da aka yi masa, maganin da aka rubuta masa.

Dorathy ce ta gina komai da hannunta. Na'urori uku ne a ɗaki mai sanyi, jere a kan kanta ta ƙarfe. Kowace manhaja tana cikin abin da masu sana'ar ke kira kwantena, wato ƙunshi guda da ya haɗa manhajar da duk abin da take bukata, wanda za a iya tayar da shi a kan kowace na'ura cikin ukun. In na'ura ta faɗi, kwantenonin da ke kanta sai su tashi a kan maƙwabciyarta. Sai dai kwantena ba ya tafiya da bayanai a cikinsa. Bayanan suna kan faifan ajiya. Shi ya sa ta tsara kowane bayani ya zauna kwafi uku, ɗaya a cikin kowace na'ura. Ta sha gaya wa Bakari cewa tashin kwantena aikin banza ne in ya tashi bai tarar da bayanansa ba. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai kin fi son a sayi abu uku inda ɗaya zai isa."

Wata damina ta tafi Yola bikin ƙanwarta. A bayanta Bakari ya samu sabon aiki na gaggawa daga wata makarantar kuɗi. Maimakon ya sayi sababbin faya-fayan ajiya, sai ya zare na na'urori biyu ya kai can, ya mayar da kwafin bayanan asibitocin guda ɗaya tak, bai gaya wa kowa ba. Kafin ta dawo aka yi wani ruwa mai tsawa wanda ya cika mayo, wato kogin garin, har ya tumbatsa. Wuta ta yi tsalle ta ƙone faifan da ya rage. Bayanan shekaru suka tafi gaba ɗaya.

Tana cikin mota a hanyar dawowa wayarta ta fara ruri. Bakari ya tura saƙon murya cikin zauren hira na waya na masu asibitocin, da murya mai sanyi kamar ta mai ta'aziyya, yana cewa sakacin ma'aikaciyarsu Dorathy Nathaniel ne ya jawo wannan asara, kuma tuni kamfanin ya sallame ta. Kafin motar ta shigo Mubi saƙon ya fita daga wannan zaure ya shiga wayoyin gari, ya shiga zauren zumuntar mata na majami'arsu, ya isa Gella.

Ko jakarta ba ta ajiye ba ta hau benen. Ta ga ramukan faya-fayan a wangame a na'urori biyu, da idonta.

"Yaya Bakari, ina faya-fayan da ke nan?"

Ya ɗago ya dube ta, ya mayar da kai kan takardunsa. "Ki je ki faɗa. Mu ga wa zai yarda da ke."

Washegari ya cusa wasu tsofaffin faya-fayai da suka mutu a cikin ramukan, ya kira masu asibitocin ya nuna musu, ya ce duk ukun suka ƙone saboda ba ta sa kariyar tsawa ba. Malam Nathaniel ya sa rigarsa ta zuwa majami'a, ya hau bas daga Gella, ya zo da kansa don ya ji daga bakin tsohon ɗalibinsa. Aka bar shi a kan benci a baranda har rana ta yi sanyi, sannan aka ce masa Oga ya fita ta matakalar baya. Ya hau bas ya koma gida. Daga ranar ya daina zama a majalisar dattawa ta bakin kasuwa.

Dorathy ta tafi Abuja. Ta sha wuya kafin ta samu wanda zai gwada ta, amma da aka gwada ta ba a sake ta ba. Ta koma kula da gungun na'urorin wani babban kamfani, irin waɗanda in suka tsaya na ɗan lokaci kaɗan sai manya su fara kiran waya. Ta yi ƙiba, ta sayi mota, abokan aiki suna yabon natsuwarta. Ba wanda ya san cewa saƙon Bakari yana nan cikin wayarta, kuma takan kunna shi tana wanke-wanke, ta saurare shi daga farko har ƙarshe. Ta haddace inda yake jan numfashi. Ta haddace yadda ya ja sunan babanta. Duk lokacin da ta ji zuciyarta ta fara sanyi, sai ta sake kunnawa.

Bayan damina biyu ciwon ƙafa ya kwantar da Malam Nathaniel, ta zo gida da bazara don ta duba shi. A nan ne Goggo Susana, ƙanwar babanta mai sayar da abinci a bakin tike, ta kawo mata labari tana tsinkar yakuwa.

"Mutumin naki ya kama babban kifi. Ƙungiyar masu lodin shanu za su ba shi aikinsu gaba ɗaya. Yanzu ma da kwamfutarsa ake buga takardar lodi, suna gwadawa. Ran nan a rumfata yake cika baki, wai ko ranar kasuwa a zare wutar kowace na'ura, aiki ba zai tsaya ba."

Dorathy ta ajiye kofin da ke hannunta. "Haka ya ce, Goggo? A gaban wa?"

"A gaban Alhaji Gabdo da mutanensa. Ina zuba musu miya."

Alhaji Gabdo shi ne shugaban ƙungiyar, dogon dattijo Bafulatani mai ƙarancin magana, wanda ya tsufa a cikin shanu. Goggo Susana ta haɗa su a rumfarta. Ya saurari Dorathy yana juya sandarsa a ƙasa, sannan ya ce, "'Yata, ba ke ce wadda aka ce ta ƙone bayanan asibiti ba?"

"Ni ce aka faɗa, Alhaji."

"To me zai sa in yarda da ke?"

"Kada ka yarda da ni. Shi ya ce a zare wayar wuta a gani. Ni zarewa kawai zan yi, kai kuma ka kalla da idonka kafin ka sa hannu."

Maganar ta shige shi. Tun da ƙungiyar ta daina takardar hannu saboda masu yin jabu, wakilansu na kan hanya da na kasuwannin Kudu ba sa karɓar kowace takarda sai bugaggiya mai lamba. In na'urar ta tsaya, ba tirelar da za ta fita daga tike. Ya ce a yi gwajin, amma a zaɓi ranar da ba kasuwa, lokacin da ba lodi.

"Ranar da ba lodi ko na'urar wasan yara za ta ci jarrabawa," in ji Dorathy. "Ranar kasuwa ya faɗa. A bar shi a kan maganarsa."

Abin da ta faɗa gaskiya ne, amma ba shi ne dalilinta ba. Tana son tike ta cika maƙil ranar da abin zai faru.

Bakari bai iya ƙi ba, don a gaban mutane ya yi alkawarin. Jajibirin kasuwa Dorathy ta hau benen nan karo na farko tun ranar da ta sauka da hawaye. Ya tarbe ta da fara'a har da ruwan sanyi. Ya nuna mata allo, ga kwantenoni nan kore shar, a warwatse a kan na'urori uku. Bai buɗe mata shafin ajiya ba, ita ma ba ta nema ba. Abu ɗaya ta ce: kafin kowane gwaji sai ta ɗauki cikakken kwafin bayanan a faifanta na hannu, yau da kuma gobe da safe, don ko-ta-kwana. Da aka fara kwafin sai ta tsaya a gaban kantar kamar mai jira kawai. Ƙananan fitilun na'ura ta biyu suka shiga ƙifce-ƙifce kamar za su tashi sama. Na ta ɗaya da ta uku ko motsi ba su yi ba.

Ta ji wani daɗi ya taso mata tun daga ciki har maƙoshi. Bakari bai canza ba. Kwafi ɗaya ne, kuma ta san inda yake.

Tana sauka ta hango Alhaji Gabdo a inuwar ofishin ƙungiya. Da ta tsallaka titi ta gaya masa abin da ta gani, da magana ta ƙare a nan, ba tare da an zare komai ba. Ta tsaya ta dube shi, sannan ta shiga motarta ta tafi Gella.

Da la'asar sai ga motar Bakari a ƙofar gidansu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam Nathaniel, ya ajiye ledar lemu da kankana. Tsohon ya amsa gaisuwar a taƙaice ya juya fuska bango. Bakari ya roƙi Dorathy ta raka shi waje.

"Ƙanwata, abin da ya wuce ya wuce," ya ce da ita a gindin dalbejiya. "Na san kin gani, ba na raina idonki. Faya-fayan nan sun yi tsada, da zarar an sa hannu zan saya, wallahi. Gobe ki zare ta uku. In aikin ya zo hannu, ki dawo mu riƙe kamfanin tare, sunanki kusa da nawa."

"Sunana kusa da naka," ta maimaita a hankali.

"Ƙwarai kuwa. Mu 'yan gida ɗaya ne. Me za mu samu in mun tona wa juna asiri a gaban baƙi?"

Ta yi masa murmushi irin wanda ta daɗe ba ta yi wa kowa ba. "Ka je ka huta, Yaya Bakari. Gobe komai zai tafi daidai."

Ya tafi da sauƙin zuciya, har yana ɗaga mata hannu ta taga.

Ranar kasuwa rana ta fito da ƙarfinta. Tike ta cika, ƙura da kukan shanu da ihun dillalai. Tireloli sun yi layi a bakin ƙofa, wasu an gama cusa musu shanu, ƙaho na gogar ƙaho, suna jiran takarda kawai. A saman bene Alhaji Gabdo da dattawan ƙungiya suka cika ɗakin na'urori. Dorathy ta ɗauki sabon kwafi, ta jefa faifan cikin jakarta, ta ja zif.

"Bismillah," in ji Bakari, yana nuna mata na'ura ta uku da gefen ido.

Ta zagaya bayan kantar, ta dube shi cikin ido, ta kama wayar na'ura ta biyu ta fizge.

Fankar na'urar ta yi wani ɗan kuka ta mutu. A kan allo kwantenonin da ke kanta suka ɓace, suka sake bayyana a kan ta ɗaya da ta uku. Wani dattijo har ya fara tafi. Sai launinsu ya juya daga kore ya koma ruwan ɗorawa, suka tsaya cak.

"Ka ga sun tashi, Alhaji," in ji Dorathy. "Amma sun tashi hannu babu komai. Suna neman bayanan lodi, bayanan kuwa suna cikin wadda na kashe, ita kaɗai. Sauran biyun fitila kawai suke kunna muku."

Bakari ya ture ta ya mayar da wayar. Na'urar ta tashi, amma yankewar wuta a tsakiyar rubutu ta ɓata ma'ajiyar bayanan, ta ƙi buɗewa. Ya zauna yana dukan madannai, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan farar shaddar. Wayoyin dattawan suka fara ƙara. Masu buga takarda a bakin ƙofa sun ce komai ya tsaya. A ƙasa direbobi suka fara danna oda.

Alhaji Gabdo ya juya gare ta. "Kin iya gyarawa?"

"Na iya, Alhaji. Kwafin yana cikin jakata."

"To yi maza."

"Akwai abin da ya rage."

Ta ciro wayarta ta ajiye a kan tebur, ta kunna. Muryar Bakari ta cika ɗakin, mai sanyi, mai tausayi, tana kiran sunanta da na babanta.

"Wannan aikin da kuka gani yau, shi ya yi wa asibitocin," in ji ta. "Ya zare faya-fayai biyu ya kai wani wuri, sannan ya ɗora mini. Ya ɗauki wayarsa ya gaya wa mutanen da ya tura wa wancan saƙo abin da ya faru. Da bakinsa. Yana turawa zan zauna in tayar muku da aiki."

"Ƙarya take yi!" in ji Bakari. "Ba ku ga ƙiyayya ba? Ku ba ni ɗan lokaci, zan gyara da kaina."

Aka ba shi lokaci. Ya kashe ya kunna, ya kira wani a Yola bai ɗauka ba, ya sake kashewa. Dorathy ta ja kujera ta zauna kusa da taga, ta rungume jakarta a ƙirji. Daga nan tana ganin tirelolin, ƙarfensu na ƙyalli a rana, tana ganin yaran mota suna watsa wa shanu ruwa da bokiti.

"'Yata," in ji Alhaji Gabdo a hankali, "dabbobi suna rana."

"Na gani, Alhaji."

"Su ba su yi miki komai ba."

Ta ji maganar, ta kuma san gaskiya ce. Hannunta har ya kai kan zif ɗin jakar. Sai ta hango bencin nan na baranda ta ƙofar da ke buɗe, ta janye hannun.

"Shi za ka gaya wa," ta ce. "Magana kaɗan ce a bakinsa."

Hayaniya ta taso daga matakala. Direbobi ne suka hauro, wani ƙato a gabansu da tawul a wuya yana ihu da Hausarsa ta Mubi, "Motana yana rana tun safe! Shanu yana faɗuwa a ciki! Wane ne ya kashe wannan abu?" Dattawa suka tare ƙofa da ƙyar. Bakari ya dubi ƙofar, ya dubi allon, ya dubi Alhaji Gabdo, wanda ya kau da kai. Ya ɗauki wayarsa.

"Jama'a, game da abin da ya faru a baya, an samu kuskure daga ɓangarori biyu..."

"Goge," in ji Dorathy.

Ya goge. Ya sake farawa, ya ce matsin tattalin arziki ne ya sa aka rage wasu kayan aiki.

"Wa ya rage? Goge."

Karo na uku muryarsa ta fito ba sauran zaƙi a cikinta. Ya ce shi Bakari, shi ya zare faya-fayan ajiya biyu Dorathy ba ta gari, shi ya mayar da kwafin ɗaya, shi ya sa matattun faya-fayai don ya rufe, kuma Dorathy Nathaniel ba ta da laifin komai. Ya tura. Ta karɓi wayar ta duba da idonta cewa ya shiga zauren, ta tura wa kanta.

"Saura ka faɗi yadda ka bar mahaifina a kan..."

Alhaji Gabdo ya buga sandarsa a ƙasa har kantar ta girgiza. "Ya isa! Tashi ki yi aikin."

Ta tashi. Ta jona faifanta, ta zuba bayanan a ɗan filin da ke cikin na'ura ta ɗaya, ta nuna wa kwantenonin sabon wurin. Ɗaya bayan ɗaya suka koma kore. Kafin mai shan shayi ya gama kofinsa an fara buga takarda a bakin ƙofa. Dattawan suka dubi juna. Saurin da aikin ya yi ya gaya musu tsawon lokacin da ta riƙe shi a cikin jaka da gangan.

Da ta sauko, tireloli sun fara fita. A gefen ɗaya daga cikinsu mutane sun yi da'ira. Wani jan bijimi ne ya faɗi a cikin mota saboda zafi, sauran suka tattake shi, aka jawo shi waje aka yanka kafin ya mutu. Mahauta sun riga sun kewaye shi suna tayi a wulaƙance. Mai shi yana tsugune a gefe, wani manomi daga Wuro Patuji da ake kira Kwaji, wanda ya yi kiwon bijimai biyu a bayan ɗakinsa, ya shiga haɗakar mota karon farko don ya kai su Kudu da kansa. Wani ya nuna masa Dorathy. Ya miƙe ya zo yana goge hannu a riga.

"Ke ce mai kwamfuta? An ce ke kin gyara." Ya haɗa hannuwansa biyu. "Allah ya saka miki, 'yar'uwa. Da ba ki zo ba, da ɗayan ma ya tafi."

Ta gyaɗa masa kai kawai ta wuce, ta shiga rumfar Goggo Susana ta zauna a bayan tukwane inda ba mai ganinta.

A nan Alhaji Gabdo ya same ta bayan kasuwa ta lafa. Bai zauna ba.

"Jiya kin sani?"

"Na sani, Alhaji."

"An zalunce ki, na gani da idona. Kuma kin tsamar da mu daga hannun maƙaryaci. Da safe na yi niyyar in ya faɗi ke zan ba aikin. Yanzu ba zan ba ki ba. Wanda zai riƙe mana wannan abu, ba na son ya zama mai iya kallon shanu a rana yana jiran magana."

"Ban zo neman aikin ba," in ji ta.

"Na sani. Shi ne abin da ya ba ni tsoro."

Sabon saƙon ya zaga Mubi fiye da yadda na farko ya zaga. Masu asibitocin da suka rage a hannun Bakari suka janye cikin mako guda, wasu suka kai ƙara. Matan zumunta da suka daina gaishe ta suka riƙa zuwa Gella da kwanon abinci, wai sun zo duba ƙafar Malam. Shi kuwa Malam Nathaniel ya saurari saƙon sau ɗaya, ya miƙa mata wayar, ya tambaye ta ko gaskiya ne dabba ta mutu. Ta ce gaskiya ne. Sai ya ce ta miƙo masa maganinsa. Ƙungiyar ta ba wasu mutane daga Yola aikin, da sharaɗin kwafi uku da gwajin zare waya kowane wata, a ranar da ba kasuwa.

Goggo Susana ce kaɗai ta tambaye ta kai tsaye. "To, zuciyar ta yi sanyi?"

Dorathy ta yi tunanin jan bijimin, ta yi tunanin hannuwan Kwaji a haɗe. Abin yana damunta, kuma ta san zai daɗe yana damunta. Amma da ta laluba cikin ranta tana neman nadamar abin da ta yi wa Bakari, ba ta samu ko ƙwaya ba.

"Ta yi, Goggo," ta ce.

Ranar da za ta koma Abuja ta biya ta bakin tike don ta yi wa Goggo sallama. A ƙasan benen ta ga keke napep a tsaye, ana sauko da na'urorin nan uku ana ɗaure su da igiya a kujerar baya. Wani mai gyaran kwamfuta ne ya saye su. Bakari da kansa yake riƙe da ƙarshen igiyar, cikin tsohuwar riga, ya rame. Ya ɗago suka haɗa ido.

"Dorathy," ya ce. "Sannu."

Ba ta kau da kai ba. Ta tsaya a inda take, hannu a kan ƙofar motarta, tana kallonsa har ya gama ɗaurin, ya matse a gefen direba don ba sauran wuri a baya. Ta bi keken da ido har ya sha kwana ya shige cikin tireloli, sannan ta shiga mota ta tayar.